Da Ƙafata Na Shiga Garin Inna

Ni ba mai faɗa ba ce, duk unguwarmu a Tambuwal an shaida. Ko akuyar maƙwabta ta ci mini shanya, sai dai in kore ta in kwashe abin da ya rage. Amma akwai abin da aka yi mini kaka huɗu da suka wuce, wanda har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna. Wanda ya yi mini shi kuwa ɗan cikina ne, na fari.

Innata 'yar wani tsohon gari ce a ƙasar Kebbe, can bakin gulbi. Aure ya kawo ta Tambuwal. Kowace shekara in an gama kaka, ruwa ya ja baya, sai ta ɗaura ɗamara ta tafi ganin gida da ƙafa, kwana biyu a hanya, ta isa a na uku. Ta sha goya ni a hanyar, amma da na yi wayo sai aka riƙa barina tsaron gida. Da ƙafafunta suka gaza, sai ta koma bin hanyar da baki. Tana kwance bisa tabarma tana cewa, yanzu an wuce tsamiya uku, yanzu an kai rijiya mai baki biyu.

A lokacin ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da jikoki. Wata rana malamarmu ta ce kowace ta rubuto wani abu da ya fi sunanta tsawo. Wasu suka rubuta yadda ake daddawa. Ni na zauna gefen Inna kwana tara, tana faɗi ina rubutawa da fensir, ina gogewa har takarda ta huje. Shafi shida na cika. Inna ta sa na karanta mata sau biyu, ta ce, "To, yanzu ko na mutu hanya ba ta ɓace ba."

Bayan rasuwarta da shekara guda na gaya wa maigidana ina so in bi hanyar nan, da ƙafata, da rubutuna, ba mai nuna mini. Ya ce gari ya cika da babura. Na ce ba garin kaɗai nike son gani ba, hanyar nike so. Sai ya ce, "Allah shi kiyaye. Amma kada ki tafi ke ɗaya." Na tambayi matan Fulani masu kawo mana nono ko daji lafiya, don su ke kwana cikinsa. Suka ce wannan shekarar gefen nan shiru. Sai na aika wa taubashiyata, ɗiyar kawuna da ke aure a Sanyinna. Ta zo tana dariya tun daga zaure.

"Ke da ba ki kai kasuwa sai kin huta sau biyu? To zan bi ki, don in kin faɗi a samu mai ba da labari."

Ɗana na fari ban gaya masa ba. Ta yaya ma? Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama hira da shi ba. Kakarsa ta wajen uba ta yaye shi, ita ta riƙe shi. In ina da magana da shi sai in faɗa wa ƙanwarsa, ko in juya baya in faɗa yana ji. Haka na ga Inna ta yi da yayana, haka na yi. Yana da shagon kayan babur kusa da tasha, duk 'yan kabu-kabu sun san shi. Na ɗauka ubansa ya sani ya isa.

Mun fita da hantsi bayan mun karya. Ranar farko ba zan ɓata ta ba, ta yi daɗi. An gama yankan dawa, kara a jingine, mata na sheƙa a bakin gonaki suna yi mana sannu. Inda littafi ya ce tsamiya uku, muka iske biyu da kututture. Na tsaya gaban kututturen na karanta layin da ƙarfi, na ce, "Inna, ɗaya ta riga mu." Rijiya mai baki biyu tana nan, an rufe baki ɗaya da ƙaya. Muka sha ruwanta. Taubashiyata ta ce ai Inna ta manta ta rubuta cewa ruwan yana da zartsi.

'Yan kabu-kabu suka yi ta tsayawa. "Inna, ku hau in rage muku hanya." Mu ce mun gode. Wani ya dube ni da kyau ya ce, "Ba ke ce mahaifiyar mai shagon kayan babur ba?" Na sunkuyar da kai, don ba a amsa irin wannan. Ya ja babur ɗinsa ya juya Tambuwal. Ban kawo komai a raina ba.

Rana ta biyu muka kai gulbi. Inna ta ce a bar shi a hannun dama, haka muka yi. Ga albasa a fadama, ga masunta na gyaran koma, ga shanu sun sauko mashaya har sai da muka tsaya suka wuce. Ƙafafuna sun kumbura, amma raina fes. Gab da azahar muka hango wani gari mai ragowar ganuwa, da ramukan marina da suka cike da yashi. A shafi na huɗu Inna ta ce a nan ake yada zango.

Tarbar da aka yi mana ta yi yawa. Tun ba mu yi sallama ba mata suka fito daga gidan maigari, wannan ta kama mini hannu, waccan ta karɓe jakata. Aka kai mu ɗaki, wasu mata biyu suka zauna bakin ƙofa. Uwargidan maigari ta tsallake ni ta dubi taubashiyata, ta rage murya.

"Sannunki da ɗawainiya. Ɗanta ya bugo wa maigari waya. Ya ce tun rasuwar uwarta kanta ya taɓu, ta fice ba a sani ba. Ya ce a riƙe ta, yana tafe."

Taubashiyata ta fashe da dariya, ta ga ba mai taya ta, ta daina. Ta ce, "Wagga? Wagga da ta fi ni hankali? In akwai mahaukaciya cikinmu ni ce, da na biyo ta."

Na ce a hankali, mijina ya ba ni izini, ganin dangi za ni. Suka ce, "To, Inna, to." Irin yadda ake ce wa yaro mai zazzaɓi. Na ce a miƙo mini littafina in nuna musu. Suka dubi juna. Ɗaya ta ce ai an ba su labari, wani mai babur ya gan ni tsaye gaban kututture ina karanta takarda ina yi masa magana. Mi zan ce? Na yi. Taubashiyata ta ce a kira mijina a waya a tambaye shi. Aka kai wa maigari maganar, ya aiko cewa babu buƙata, ɗa ba ya yi wa uwarsa irin wannan ƙarya.

Wannan magana ita ta fi komai ƙona ni. Na zauna a ɗakin nan ina ganin yadda ake rushe mace da kalma guda. In na yi shiru su ce dubi yadda ta yi jugum. In na yi magana su ce ta fara. Aka kawo garwashi aka zuba hayaƙi, aka kawo rubutu a ƙwarya. Na sha, don sunan Allah ne a ciki, ba na ƙin sa. Shekara hamsin da 'yan kai ina tattalin mutuncina, ban taɓa ɗaga murya a tsakar gida ba, ban taɓa yaji ba, ga ni an sa mata biyu suna gadina kada in ruga daji.

Bayan la'asar muka ji babura biyu. Ya shigo, ya durƙusa ya gaishe da matan gida, suna ta sa masa albarka. Bai dube ni ba, kamar yadda muka saba. Taubashiyata ya yi wa magana.

"Gwaggo, ku tashi mu tafi tun da sauran rana."

"Kai, ɗan nan, zo nan. Wa ya ce maka uwarka ta taɓu?"

Ya matso, ya yi ƙasa da murya, amma ɗakin ƙarami ne. "Gwaggo, tun jiya ake mini dariya a tasha. Ana cewa ina sayar da tayar babur, uwata tana yawon daji da ƙafa kamar marar kowa. In na ce a tsayar da ita haka kawai, wa zai tsayar?"

Da ya ce tsoro ya ji, hanya ba lafiya, wallahi da na saurara, don kowa ya san yadda dajin ƙasar nan ya koma. Da na ce ɗana ya ji mini tsoro, ya yi kuskure. Amma dariyar 'yan tasha ce ta dame shi. Ya auna dariyar da hankalina, ya ga hankalina ya fi araha.

Sai na kira sunansa. Sunan da aka raɗa masa ina ɗaki ina jin kunya, wanda shekara talatin da takwas bai taɓa fita daga bakina ba. Ban ɗaga murya ba. Ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi. Na ji wata a bakin ƙofa tana cewa, "Kun ji ko? Har sunan ɗan fari take kira."

Na ce masa, "Dube ni. Faɗa wa mutanen nan, na taɓu?"

Ya ce, "A'a."

"Ba su ji ba."

"Lafiyarta lau. Ni na faɗa don a tsayar da ita."

Wata tsohuwa ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, ɗan albarka. Yana rufa mata asiri." A nan na gane ko shi da ya saki maganar ba ya iya kamo ta.

Na ce a ba ni jakata. Suka dube shi, sai da ya ɗaga kai aka ba ni. Wannan ma na ajiye shi a raina. Na ce masa, "Gobe da ƙafata zan shiga garin Inna. In kunyarka ita ce a gan ni a ƙasa kai kana bisa babur, to sauka."

Da safe ya sallami mai ɗaya babur ɗin da ya rako shi, ya bar babur ɗinsa a zauren maigari, ya biyo mu da takalmin zaman shago. Ya miƙo hannu zai karɓi jakata, na ƙi. Ban sake yi masa magana ba. Taubashiyata ce ba ta bar shi ya huta ba. "Mai babur, ya hanya? In ka gaji ka faɗa, mahaukaciya ta goya ka, ai ta saba." Kafin hantsi ya yi sama ƙafarsa ta yi bororo.

Shafi na biyar ya ce a ƙetare gulbi inda giginya biyu suka haɗa kai, ruwa bai wuce gwiwa. Muka iske giginyun, muka tattare zane muka shiga. Ruwa iya gwiwa. Na so in ji daɗin wannan yadda na ji daɗin tsamiya, amma ƙirjina a cike yake. Wannan ma yana cikin abin da ya ƙwace mini. Hanyar da na daɗe ina jira, rabinta na bi ta ina haɗiyar fushi.

Da azahar muka kai. Ganuwa ta zama tudu, awaki na hawa, amma ƙofar tana nan inda Inna ta ce, da kuka mai turaku a jikinta. Layin ƙarshe na shafi na shida ya ce, gida na uku bayan masallaci, sai ki yi sallama. Na yi sallama. Wata tsohuwa ta fito da sanda, ƙanwar Inna ce da suke 'yan maza zar. Na faɗa mata ko ni ɗiyar wace ce. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce aka ce ba ki da lafiya?" Maganar ta riga ni zuwa, bisa babur.

Na sauke jakata. Na zauna na buɗe littafi na karanta mata shafi shida tun daga ƙofar Tambuwal. Tana ji tana gyaɗa kai, a wasu wurare ta riga ni faɗi. Da na gama ta goge ido da gefen mayafi, ta dubi ɗana da ke tsugune can nesa yana duba ƙafarsa, ta ce, "Wancan ne mai maganar? Ku ba shi ruwa ya sha. Ke kuma shigo ɗakin uwarki."

Mun kwana biyar. Da muka tashi komawa ƙafata ba ta ɗauka, na hau mota daga Kebbe, ba wanda ya sa ni.

Har yau a Tambuwal akwai matan da in na shiga gidan suna sai su karɓe jinjiri daga hannuna da sauri, suna murmushi. Ajinmu ma sai da malama ta kira ni gefe ta tambaye ni ko ina shan magani. Ɗan nawa ya aiko ƙanwarsa da ban haƙuri sau uku, ya aiko da turmin atamfa, na mayar. Ban yi masa baki ba, ba kuwa zan yi ba, kullum ina sa shi a addu'a. Sunansa ma ban sake kira ba. Na dai ce ƙanwarsa ta gaya masa, a tasha aka fara, a gaban 'yan kabu-kabu. Ranar da ya tsaya a can ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi wa uwarsa, ranar zan ce na yafe. Ya je ya faɗa wa maigarin nan, ya faɗa wa ubansa, ya faɗa wa malamarmu. Tasha ce har yanzu bai iya ba, ga ta kuwa a ƙofar shagonsa.