Kwastam Mai Binciken Kula

Da safe tana kicin ɗin asibiti, tana dafa abin da likita ya yarda a ci. In lokacin ziyara ya yi, sai ta ja kujera ta tare ƙofar ɗakin masu ciwon ƙoda, duk kular abincin da ta zo sai ta buɗe ta sansana. Shi ya sa ake ce mata Kwastam. A watan nan za ta ajiye aiki, kuma ba kowa ne zai yi kewarta ba.

Mun taso muna jin cewa kifi abincin mara lafiya ne, amma ba a taɓa cewa wane mara lafiya ba. Suya tana ƙone ruwan jikin kifi, ta bar gishiri da dunƙule da sinadarin fosforas, har da na ƙayar da ake taunewa don daɗi. Lafiyayyar ƙoda tana tace su. Wadda ta gaji kuwa sai ta bar su a jini, ƙafa ta kumbura, jiki ya hau ƙaiƙayi.

An taɓa kwantar da wani tsohon direba da ake yi wa wankin ƙoda. Ya kafe: in ba soyayyen kifin matarsa ba, ba ya ci. Ya rame har likita ya fara shakkar ko zai ci gaba da jure injin. Ran nan matar ta naɗe kular kifin cikin wankakkun kaya ta nufi ƙofa.

"Inna," in ji Kwastam, "zanin nan da albasa kika wanke shi?"

"'Yar nan, ki bar shi ya ci. In kin ƙwace, yunwa za ta riga ciwon."

Kwastam ta san gaskiya matar ta faɗa. Ta riƙe kifin, ta je ta tambayo likita iya abin da tsohon zai iya ci, sannan ta ja matar zuwa kicin. Suka tafasa wani ɗanyen kifi, suka zubar da ruwan, suka zare ƙaya, suka ɗan juya shi a kasko da albasa da tafarnuwa, ba gishiri ko ƙwaya. Ta zuba a kular matar, ta ce ta kai da hannunta.

Direba ya ɗanɗana, ya harari matarsa. "Tsohuwa, hannunki ya mutu." Ya cinye tas.

Kwastam, ke ce aka zaga a bayan ido, mai hancin da ba a yi wa wayo. Ke ce kika ɗauki baƙin jini don wasu su koma gida da ƙafarsu. Direban yana nan, yana zuwa wankin ƙoda, yana bugun ƙirji wai bai taɓa cin abin da ya fito daga kicin ɗinki ba. Ba ki taɓa gyara masa zancen ba.

Mun gode, Kwastam. Wadda za ta gaji kujerarki ta koyi buɗe kula, amma ta koyi mayar da ita da abin ci a ciki.