Jan Akwatin Odell Purvis

Shekara ashirin da bakwai Odell Purvis ya yi yana kula da kayan 'yan ƙwallon Amurka, irin wadda ake yi da hular kwano, na jami'armu a Mississippi, ni kuwa sha ɗaya na yi ina wanke rigunan wasa a ƙarƙashinsa. Ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba. In ka ce masa ina kwana, sai ya dube ka sama da ƙasa yana neman abin da ka zo roƙo. Manyan koci biyar ya gani sun zo da kuri sun tafi da motar kwasar kaya. Kowane sabo yakan share mutanen tsoho ya kawo nasa, amma Odell ya tsira, don bakinsa alekum.

Yana da wani jan akwatin ƙarfe mai kwaɗo a bakin fili. In yaro ya bugu a ka, likita ta ɗaga hannu, sai Odell ya fizge hular kwanonsa ya kulle a ciki. Ba hula, ba komawa wasa. Yaran su yi ta zaginsa, shi ko ya ce, "Zage ni da kyau, alamar ƙwaƙwalwar na nan ke nan."

Da aka sallami babban koci a Nuwamba, kwamitin neman magajinsa ya ce zai fara duba mataimakansa. A cikinsu Lonnie Tarver, mai tsara kai hari, shi ne ɗan lelen 'yan jarida. Kwana biyu da sanarwar sai ga shi a ɗakin wanki da soyayyiyar tarwaɗa mai zafi.

"Baba Odell! Ga ɗan abin taɓawa."

"Shekara shida kana ce min 'kai mai kaya'. Yau kuma na zama baba? Yaushe na haife ka?"

Tarver ya yi dariya ya fita. Odell ya turo min kifin. "Ci, Loretta. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." Ni dai na cinye abina, amma na san ruwa ba ya tsami banza. Bara waccan, a wasanmu da manyan abokan hamayya, mai jefa mana ƙwallo ya bugu har yana tambayar wane gari muke, Odell ya kulle hularsa. Ina tsaye riƙe da tawul Tarver ya matso, ya ce a hankali, "Buɗe akwatin nan, tsoho, yaron ƙalau yake." Odell ya cusa makullin cikin safa. Aka cinye mu da maki uku. Mu uku kaɗai muka san zancen.

Da kwamiti ya aiko kiran Odell don jin ra'ayinsa kan mataimakan, gabana ya faɗi. Na ce, "Don Allah ka ce kowa nagari ne ka fito. Saura shekara biyu ka huta da mutuncinka."

"Ai ba don su ji suka kira ni ba. So suke a ce sun tambayi har mai kaya."

"To me zai sa ka faɗa?"

"Don kada wata rana su ce ba wanda ya faɗa."

Ya kuwa faɗa musu abin da Tarver ya yi tas. Da ya dawo ya ce ba wanda ya rubuta ko harafi, kuma wani dillalin motoci a kwamitin, mai zuwa kamun kifi da Tarver, agogo kawai yake dubawa. Na ce zarginsa ne ya motsa.

Tarver aka naɗa. A gaban 'yan jarida ya ambaci sunan Odell, ya kira shi ginshiƙin gidan nan. Har na fara tafi, Odell ya zungure ni. "Bankwana yake min, ke kina tafi."

A Janairu aka yanka masa kek, aka ba shi allon yabo, wai shi ya nemi ritaya. Na yi kuka, shi ko kek ɗin ma bai taɓa ba. Da zai fita ya danƙa min makullin. "Kada ki bayar ko wa ya roƙe ki, Loretta. Ko ni ne."

Ranar atisayen farko na bazara na sa makullin a safa, na nufi bakin fili. Akwatin na nan inda yake, an yi masa sabon fenti, yana ta ƙyalli. Na kai hannu inda kwaɗon yake, na tarar an cire shi har da maƙalinsa.