Rijiyar Mahaifiyata da Facin Raga

Shekarun baya, ina sabon ma'aikaci a wani ofishin binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa a Tarauni, rijiyar gidanmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi ta ƙafe. Mahaifiyata ba ta yi wata-wata ba ta ɗora laifin a kan burtsatsen maƙwabciyarmu, wata 'yar kudu mai sayar da ƙanƙara, wadda tun muna yara take aiko mana da shinkafar Kirsimeti, mu kai mata naman layya. Gaisuwa ta tsaya cak. Har an fara zancen kai ƙara wurin mai unguwa a rufe burtsatsen.

Ni kuwa, da rawar kan sabon shiga, na ce a bar mini, kwamfuta za ta raba gardama.

A ofis muna da taswirar ruwan ƙasa ta yankin gaba ɗaya, an saƙa ta kamar raga mai idanu masu kusurwa uku, kwamfuta na lissafa yadda ruwa ke ratsawa daga ido zuwa ido. Sai dai idanun manya ne, layinmu duka a ido ɗaya ya faɗa. Don haka na saƙa ƙaramar raga ta unguwarmu kaɗai, na yanke mata gurbi a cikin babbar, na dasa. Sakamako ya fito: ruwa ya zurma a daidai katangar maƙwabciya. Abin da mahaifiyata ke son ji ke nan.

Amma raina bai kwanta ba. Zurmawar ta miƙe samɓal kamar an ja ta da rula, ruwa kuwa ba ya tafiya haka. Da na ƙara girman hoton sai na ga a bakin haɗin ne. Ƙulle-ƙullen ƙaramar ragar ba su hau kan na babbar ba, lissafin ruwan yana zurarewa ta ɓarakar. Abokin aikina ya ce in bar shi haka, wa zai duba? Na ce wallahi ba zan kai wa uwata shaidar zur ba, ko da ita take jira.

Haka na duƙufa ina bin haɗin ƙulli bayan ƙulli, kamar mai facin gidan sauro. In goge wannan ido, in tsaga wancan biyu, in jawo ƙulli ya hau ɗan'uwansa. Ka gyara nan, can wani ido ya tsuke kamar tsinke, kwamfuta ta ƙi lissafi. Abokin nan har ya laƙaba mini suna Tela. Na ji haushi, amma ban saki ba.

Da haɗin ya zauna, zurmawar ta ɓace. Ashe ruwan unguwar ne gaba ɗaya ya yi ƙasa, don kowa ya haƙa burtsatse, na maƙwabciya bai taka kara ya karya ba.

Na faɗa wa mahaifiyata abin da na gano. Ta ce, "Wato boko na kai ka don ka dawo ka ƙaryata ni." Kwana biyu ko kallona ba ta yi.

Wata Juma'a na dawo na tarar da tiyo ya ƙetaro katanga yana cika mana randa. Ashe da safe mahaifiyata ta yafa mayafi ta shiga gidan maƙwabciyar da kanta. Ina jin maƙwabciya daga can tana cewa, "Hajiya, idan ta cika ki kawo wata."

Har yau duk sakamakon da ya zo daidai da son raina, shi na fi tuhuma, haɗin nake fara dubawa. Rijiyar dai ba ta dawo ba. Tiyon yana nan a kan katanga.