Gidan Sauro Na Jiran Oga

Shekara tara na yi ina buga takardu a wani ofishin lafiya a Abuja, ban taɓa ganin inda ake girmama almakashi kamar can ba. Ko tsintsiya aka sayo, sai Oga ya yanka ƙyalle an tafa.

Wata shekara damina ta ƙi tafiya. Lokacin girbi ya wuce, ruwa bai fasa zuba ba, ga zafi. Wata likita a ofishinmu, mai bin sawun ruwan sama da zazzaɓin cizon sauro, ta kawo mini takarda in buga: sauro zai yi yawa a garuruwan gefen birni, a sanar da jama'a yanzu, a raba gidajen sauron da ke jibge a sito. Garin Jiwa na cikin jerin. Can ƙanwata take aure, da cikin wata bakwai, bayan gidansu kuwa ramukan masu buga bulo ne cike da ruwa.

Takarda ta shiga fayil ta kwanta. Oga ya tafi ƙasar waje taron sauyin yanayi, wai zai koyo yadda ake gargaɗi da wuri.

Na sami mai kula da sito, na ce, "Baba, taimaka mini da guda ɗaya, na ƙanwata ne, ciki gare ta."

"Madam, ba a yi launching ba fa. Oga bai dawo ba. Ni ba na so wahala."

Na kira ƙanwata a waya, ta yi dariya. "Yaya, sauro yanzu? Ai tsohon gidan sauronmu ma kaji muka kewaye da shi."

Na ce zan kawo mata sabo ranar rabo. A nan tawa wautar take, kuma har yau ina jin haushin kaina. Kasuwar Karu cike take da gidan sauro, amma na zauna jiran almakashi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Bayan sati uku Oga ya dawo. Aka kafa rumfa, aka raba riguna masu hoton sauro, ya yi jawabi a kan amfanin shiri tun da wuri. Labari aka ba ni, don ranar ina asibiti. Zazzaɓi ya tayar wa ƙanwata da naƙuda. Ita ta tashi, jaririyar ba ta zo da rai ba.

Da na koma aiki, na tarar da kasona a kan tebur: riga ɗaya, gidan sauro biyu a leda. Mai sito ya leƙo yana murmushi.

"Madam, ban manta ba. Na ajiye miki biyu, ɗaya na bebi."