Ɗorawar Kakata

A bazarar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wata safiyar Litinin cikin hutun makaranta, kakata Iya Ladi ta ɗaura zanenta na fita, ta kama hannuna muka nufi kotun alƙali a Kontagora. Ina aji uku, yarinya marar surutu, kullum da littafin karatu a hammata.

Maganar ɗorawa ce ta kai mu. Kakana ya sayar da gonarsa kafin ya rasu, amma a wajenmu sayar da gona bai haɗa da itatuwan cikinta ba. Ɗorawar nan ita ce cinmu da suturarmu. Mu yara mu ɓare, mu sha garin har bakinmu ya koma rawaya, Iya kuma ta dafa kalwar ta yi daddawa ta kai kasuwa. Sai wanda ya sayi gonar ya ce inuwarta tana kashe masa dawa, zai sare ta.

Iya Bakambara ce, Hausarta ta cefane ce kawai. A saninta ba a faɗa wa babba gida sai ya aiko a shigo. Don haka ta shimfiɗa tabarma a jikin bangon kotu, tana gaida duk mai wucewa, ni kuma ina karatuna ina korar ƙuda. "Alƙali ya gan mu," in ji ta, "in ya huta zai kira mu." Haka muka yi ta zuwa muna komawa, babu wanda ya gaya mana sai an shiga an kai ƙara.

Wata rana masinjan kotu ya tsaya a kanmu. "Iya, wai me kike sayarwa ne kullum? Ban ga faranti ba."

"Ɗana, kira nake jira."

Ya riƙe baki. "Kira? Ai sai ki shekara a nan!"

Shi ya shigar da mu, ya nemo tafinta. Alƙali ya sa aka kira dattawan ƙauye, ya saurare su, ya ce ɗorawa ta Iya ce. Da muka je gonar muka tarar da ɗorawar kwance, an riga an sare ta, ganyenta ko bushewa bai yi ba. Iya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mu tsinci abin da ya zube.

Yanzu kotuna sun yawaita, har da lauyoyin da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Amma nakan ga tsofaffi a bakin ƙofa, shiru, suna kallon masu shiga da fita. Da ma a ce akwai mai jin yarensu, wanda aikinsa kawai ya durƙusa ya ce, "Me ke tafe da ku?" Wani haƙƙin a bakin ƙofa yake salwanta.