Fanshon Baba da Kunyar Hajiya

Baba ya rasu da damina, ko sadakar arba'in ba a yi ba saƙon Turawa ya shigo wayata. Shekaru masu yawa ya yi a Ingila yana gyaran wutar jiragen ƙasa, kafin ya dawo gidanmu na Unguwar Shanu ya zauna yana cin fanshonsa. Da ya rasu, wani kaso na fanshon ya zama na matarsa, wato mahaifiyata. Amma kafin su juyo da shi asusunta na nan gida, sun ce sai sun tabbatar ita ce, kuma tana raye.

Da fanshon nan ake saya mata allurar suga, wadda take yi safe da yamma. Ni atamfa nake sayarwa a Babbar Kasuwa, kuma na san ƙarfin shagona, ba zai ɗauki allurar nan ba. Na taɓa ganin ranar da ta yanke mata. Leɓenta ya bushe, idonta ya juye, ta dube ni ba ta san ko wace ce ba. Tun daga ranar, in na buɗe firij sai na fara duba kwalaben nan kafin in ɗauki abin da ya kawo ni.

Ni ce 'yar fari. Ƙannena Umma suke ce mata, ni kuwa Hajiya nake ce mata, don a ɗakin kakata na tashi. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini. In da baƙi, sai ta ce "yarinyar nan", alhali ina da 'ya'ya huɗu har na aurar da ɗaya. Kowa ya san uwa ta dā ba ta kiran sunan ɗan fari, ni ma na sani, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba lokacin da nake ƙarama. Sai in ji ta jero sunayen ƙannena tana raba musu ƙosai, in aka zo kaina ta turo kwanon da ƙafa tana kallon wani wuri. Sunan Baba kuwa ba a ma maganarsa. Malam take ce masa. Akwai wani mai gyaran famfo a layinmu da suke suna ɗaya da Baba, shekara da shekaru "mai sunan Malam" take kiransa.

Da farko abin ya zo kamar wasa. Suka ce a sauke wata manhaja a waya, a ɗauki hoton fasfonta, sannan ta kalli kyamara. Wayar ta ce ta juya kai dama, ta juya. Ta ce ta ƙifta ido, ta ƙifta. Sai ta yi ja ta ce fuskar ba ta yi daidai da ta fasfo ba. To ina za ta yi? Matar da ke fasfon kumatunta cike, idonta ram da kwalli. Wadda ke gabana tana cikin takaba, ta rame, ba kwalli, ba ɗan kunne. Muka fito tsakar gida don haske, muka koma zaure, duk ja. A karo na uku manhajar ta kulle. Sai suka aiko cewa wata jami'a za ta kira ta ta bidiyo, da tafinta.

Ranar kiran na rufe shago na zo na zauna gefenta a kan tabarma. Baturiya ce dattijuwa mai tabarau, da fara'arta. Tafintan ba ma ganinsa, muryarsa kawai muke ji, Hausarsa irin ta Sakkwatawa. Aka tambayi Hajiya sunanta, ta faɗa. Aka ce ta ɗaga fasfo kusa da fuskarta, ta ɗaga. Har na fara sakin jiki.

Sai tafintan ya ce, "Hajiya, ta ce ki hwaɗi cikakken sunan mijinki."

Hajiya ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Malam."

"Sunanai na yanka take so, da na mahaifinai."

Hajiya ta kama gefen hijabinta tana murzawa. Baturiyar ta cire tabarau ta matso da fuskarta. Ni kuma, da wannan bakin nawa da ba ya iya haƙuri, sai na leƙo kaina cikin kyamara na rangaɗa sunan Baba da na kakana da ƙarfi, har da murmushi, wai ni na taimaka.

Nan take fara'ar matar ta ɗauke. Ta tambaya wace ce wannan. Na shiga zuba da Turancina na kasuwa, ina cewa ni 'yarta ce, al'adarmu ce, mace ba ta kiran sunan miji. Ta ɗaga mini hannu, ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta yi magana a taƙaice. Tafintan ya ce an dakatar da ganawar. Allon ya yi baƙi, na ga fuskata a ciki baki buɗe.

Washegari saƙo ya zo. Na karanta shi ya fi sau goma a bayan kanta. Sun ce an ga alamar wani ne ke ba Hajiya amsa. Za a sake ganawa sau ɗaya tak bayan mako biyu, ita kaɗai a ɗaki. In ba ta gamsar ba, za a miƙa takardunta ga masu binciken zamba, a tsayar da komai har sai sun gama, ba su kuma ce yaushe ba.

Zamba! Innalillahi. Matar da ko canjin mai kayan miya ba ta taɓa riƙewa ba. Kuma ni na ja mata.

Makon nan biyu ban san yadda na yi su ba. Maƙwabciyar shagona ta ce ita ta ji in Turawa suka sa wa mutum alamar nan, ko jikokinsa ba sa ƙara samun biza. Wata mai sayen leshi ta ce ai har gida ake turo jami'ai. Ban san gaskiyarsu ba, amma duk motar da ta tsaya a ƙofar gidanmu sai in leƙa in ga ko su ne. Na auna wa wata mata yadi shida na yanka biyar. Abinci in na sa a baki kamar ƙasa. Kwalabe uku suka rage a firij, sannan biyu.

Kullum in na taso kasuwa sai in zarce wurinta. Na lallaɓa, na yi magiya. Na ce, "Hajiya, kalma uku ce fa. Ki rufe ido ki faɗa, ba wanda zai ji sai Baturiya da wani Basakkwace da ba ki sani ba."

Ta ce, "Ke, tashi ki ba ni wuri."

Na ce ta gwada a gabana sau ɗaya, ko a hankali. Ta kalle ni sama da ƙasa. "Da furfurata za ki koya mini rashin kunya? Yana raye ban kira ba, sai yanzu da ƙasa ta rufe masa ido?"

Raina ya ɓaci. Na miƙe tsaye a kanta, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "To ki zauna! In allurar ta ƙare, kunyar ta tashi ta yi miki!"

Wallahi kafin in rufe baki na yi nadama. Ta jawo carbinta ta juya fuska gabas. Na fita zaure na yi kuka mai isata, ba don faɗan ba, don tsoro. Ban gama kukan Baba ba, ga shi ina hango wata makarar a tsakar gidan nan, saboda kalma uku.

Daga ranar ban ƙara tayar da maganar ba, ita ma haka. Na riƙa zuwa ina yi mata allurar yamma, ta miƙo hannu tana kallon bango, in gama in tafi.

Ranar ganawa ta biyu Talata ce, da hantsi. Tun asuba na cika wayar da caji, na sa data mai yawa, na jingina ta da fulas ɗin shayi a kan kujerar tsugunno, daidai fuskarta. Na buɗe baki zan yi mata tuni na ƙarshe, ta riga ni.

"Ke, jeki waje."

Baturiyar nan ce dai ta bayyana a wayar, amma yau ba fara'a. Ta sa aka zagaya da wayar ta ga kowane lungu na ɗakin, har bayan ƙofa da ƙarƙashin gado, sannan ta ce in fita in ja ƙofa. Na fita. Na zagaya na tsuguna ƙarƙashin tagar ɗakin, kusa da randa, na toshe bakina da mayafi don na san halina.

Sunanta, ta faɗa. Fasfo, ta ɗaga. Shekarar da aka ɗaura aure, ta ce shekarar da aka yi fari, sannan ta lalubo lissafin. Sai tambayar ta zo.

"Hajiya, cikakken sunan mijinki."

Na ƙirga numfashina har bakwai. Can sai na ji muryarta, a natse, irin wadda take yi bayan sallar la'asar.

"Allah Ya jiƙan…"

Daidai nan wani jirgin sojan sama ya taso daga sansaninsu na Mando ya bi ta kan rufinmu, kwanon ɗaki har yana rawa. Kai jama'a! Duk ranakun duniya sai yau, duk mintocin yau sai wannan. Da ƙarar ta lafa, na ji tafintan yana cewa, "Hajiya, yi haƙuri, ba mu jiya ba. Sake hwaɗi."

Na ce shi ke nan, ta ƙare. Wanda ya samu ta yi sau ɗaya ai ba zai samu na biyu ba. Amma sai ta gyara murya ta ce, "Allah Ya jiƙan wane ɗan wane, Ya haskaka kabarinsa." Ta kira sunan Baba da na mahaifinsa tiryan-tiryan. Ashe dabarar da ta yi ta saƙawa a kan carbinta ke nan. Ba za ta kira shi ba, amma za ta yi masa addu'a. Tafintan ya ce amin can ƙasa-ƙasa, sannan ya juya wa Baturiyar.

Na zame na zauna dirshan a ƙasa. Ina cikin hamdala, sai na ji matar ta ci gaba da magana.

"Saura guda, Hajiya," in ji tafintan. "Tambayar sirri ce da marigayi ya aje tun da daɗewa cikin takardunai. Mi ne ne sunan ɗanku na fari?"

Baba, Baba! Ka san matar da ka aura. Na san lokacin da ya cike takardar a can ya ɗauka shi za a riƙa tambaya, shi kuwa sunana ba ya yi masa nauyi, har waƙa yake yi da shi. Wannan ba mu shirya mata ba. Kuma wannan ta fi waccan, don Baba ya tafi, ni kuwa ga ni da raina, kuma ta san sarai ina ƙarƙashin tagar nan. Inuwar ɗankwalina tana kan labule.

Baturiyar ta maimaita tambayar. Tafintan ya ce, "Hajiya, ba a ba ni damar in yi mata bayani ba. Abin da kika hwaɗi kaɗai nika juyawa. Ki daure." Na so in tashi in gudu zaure don in sauƙaƙa mata, amma na kasa barin tagar. Na so in yi ihu in faɗi sunan, na cije mayafi har haƙorina ya yi zafi. Kwalba ɗaya ce ta rage a firij, an ma taɓa ta.

Sai na ji ta ja numfashi.

"Allah Ya yi wa…" Ta tsaya. Sannan ta kira sunana. Cikakke, na yanka, ba ta gutsure ko harafi ba. "Allah Ya yi mata albarka. Ita ke yi mini allura."

Ban ji sauran abin da aka ce ba. Na san dai Baturiyar ta yi magana mai ɗan tsawo, muryarta ta sauko, tafintan ya yi sallama. Ni ina nan jingine da randa, sanyinta na ratsa bayana, hawaye na zuba har cikin kunnena.

Can ta ɗaga murya daga ciki.

"Ke! Zo ki kashe abin nan, yana cin caji."

Na share fuska na shiga. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Na ɗauki wayar, na ɗauke fulas, na tambaye ta ko za ta sha kunu. Ta ce a dama da tsamiya.

Fanshon ya shigo asusunta kafin kwalbar ta ƙare. Da shekara ta zagayo suka sake aiko da saƙon tabbatar da rai. Na rufe shago tun da wuri, na yi wanka, har turare na fesa, ban gaya wa kowa dalili ba. Lokacin ta fita takaba, ta murmure, ta zizara kwallinta. Ta juya kai dama, ta ƙifta ido, wayar ta yi kore a karon farko. Ba Baturiya, ba tafinta, ba wanda ya tambaye ta komai.

Ta miƙo mini wayar ta ce, "Ke, an gama?"

Na ce an gama, Hajiya.