Tarihin Zaidu Dudu, Mai Wayar da Ba ta Jiƙewa

Haihuwa da Karatu

An haifi Zaidu a shekarar 1992 a wani gungu da ke tsakiyar ruwa kusa da Yauri. Mahaifinsa Dudu masunci ne Bagunge, innarsa kuwa Mariyamu. Ya yi firamare a Yelwa, ya bar sakandare a aji uku, saboda 'yan ajinsu kullum suna kwaikwayon Hausarsa.

Sana'a

A 2010 ya fara tuƙa kwalekwale mai inji daga Yelwa zuwa kasuwar Wara ta ƙasar Ngaski. Bai taɓa shiga kemis sayen kwaroron roba ba, don masallacinsu ɗaya da mai shagon, kuma yakan ce abin faɗa a kan Bagunge ba ya kaɗan, ba sai ya ƙara ba. Amma idan ma'aikatan lafiya sun zo rabo a bakin ruwa, shi ne kan gaba, har suna ba samari misali da shi. Ashe wayarsa yake zurawa ciki ya ƙulle baki saboda ruwa.

Aure da Rashin Lafiya

Ya auri Safiya a 2016. Da ta fara ganin abin a aljihunsa ta yi kwana biyu ba ta cin abinci, sai da ya nuna mata wayar. A 2021 asibiti ya tabbatar yana da cuta mai karya garkuwar jiki, ita kuwa lafiyarta lau. Likita ya ce su riƙa amfani da kwaroron roba. Abokansa suka ce na masu bin matan banza ne, wasu suka ce yana kashe haihuwa. Safiya, duk kunyarta, ta ajiye masa ɗaya a kan matashi. Ya juya shi a hannu, ya ce, "Da matata ta sunna?" Har yau ba a gane ba, kunya ce ta hana shi, ko gani yake raini ne gare ta.

Rasuwa

A damunar 2023 iska ta kife jirginsa. Masunta sun tsamo gawarsa washegari, wayar tana aljihu a bushe, kiran Safiya na shigowa. An binne shi a gungunsu bayan la'asar, Allah ya jiƙansa.

Ya bar Safiya, wadda yanzu take karɓar maganin cutar duk wata, da 'ya'ya uku: Almustapha, Zakiyya, da auta Fiddausi, wadda aka haifa bayan an gano cutar, ita kuwa gwaji ya nuna ta tsira.